Wasiƙa Daga Ingila: Yadda Na Yi Wa Jirgin Baba Fenti

Ina ba ku haƙuri kan shirun da kuka ji na kwana biyu. Wasu sun aiko suna tambaya ko sanyi ne ya daskarar da ni, wasu kuma suka ce ai karatu ne ya sha kaina. To duka biyun akwai, amma gaskiyar magana wani abu ne daban ya cinye mini dare na kusan wata biyu, wanda in malamin da ke duba kundina ya ji ba zai yi dariya ba. Fenti na tsaya yi wa jirgin yaƙi, jirgin ma na cikin kwamfuta.

Bari in faro daga tushe. Mahaifina makaniken jirgi ne a rundunar sojan saman Nijeriya. A 1975, yana saurayi, aka kawo jiragen MiG-21 daga Tarayyar Sobiyet, kuma a kansu ya ƙare ƙuruciyarsa a Makurɗi, har zuwa shekarun 1990 da aka jingine su saboda rashin kayan gyara da rashin kuɗi. Ni lokacin ban yi wayon da zan riƙe komai ba. Abin da na sani na jirgin shi ne hoto ɗaya mara kala da ke rataye a falonmu a Kaduna: Baba tsaye da kayan aiki, ya dafa hancin jirgin nan mai tsini kamar bakin fensir. Baba ba mai yawan magana ba ne, mu ma ba mu taɓa tambaya ba. A 2023 ya samu shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi ya tashi, amma maganar da dama kaɗan ce sai ta ƙara tsukewa. In na kira, ƙanwata ta kara masa waya a kunne, abin da zan ji bai wuce "Lafiya lau, Babana. Ya karatu? Allah Ya taimaka" ba. Babana yake ce mini, don sunan mahaifinsa na ci. Minti ɗaya an gama. Kuɗin tikitin zuwa gida kuwa, wanda ke karatu a kan tallafi ya san yadda wannan lissafi yake.

A ƙarshen 2024 wani ɗan ƙasar Folan da muke ofis ɗaya ya gayyace ni gidansa shan shayi. Ina shiga na tarar da allon kwamfutarsa cike da agoguna da maɓallai, sai ya danna wani abu jirgin ya fito ta waje. Wallahi gabana sai da ya faɗi. Hancin nan ne na hoton falonmu. Ya ce ai su ma sojan samansu sun daɗe suna aiki da shi, kuma manhajar sunanta DCS World, ta kwaikwayon tuƙin jiragen yaƙi ce. Ita kanta kyauta ake saukewa, da taswirar yankin Kokasus da jirage biyu, sauran jiragen kuma ɗaya-ɗaya ake saya a ɗora.

A daren na fara saukewa. Abin yana da cin wuri, sai da na kwashe hotunan bikinmu daga kwamfutar na mayar wani faifai, maman yara tana kallona ba ta ce komai ba. Na sayi sandar tuƙi ta hannu wurin wani ɗalibi da ya gama zai koma gida. Abokin nawa ya ce kafin in kashe kuɗi in gwada hannuna da A-4E Skyhawk, tsohon jirgin sojan ruwan Amurka da samfurinsa na farko ya fara tashi a 1954, wanda wasu masu sha'awa suka haɗu suka ƙera wa manhajar suka bayar kyauta. Nan na koyi darasin farko, kuma ga shi ga duk mai son gwadawa: kada ka zuba irin waɗannan ƙare-ƙare a ainihin jakar da manhajar take zaune, don ranar da ta sabunta kanta ko ta yi gyara tana iya share maka su. Wurinsu yana cikin Saved Games, ka shiga DCS, ka buɗe jaka mai suna Mods, cikinta ka buɗe wata mai suna aircraft, nan za ka ajiye jirgin. Na yi haka, na kunna, babu jirgi. Awa biyu ina zargin kwamfuta, ashe da na warware fayil ɗin jaka ce a cikin jaka, manhajar ta leƙa ta farko ba ta ga komai ba ta wuce abinta. Na ciro ta cikin na ajiye, sai ga jirgi.

MiG-21 ɗin kam na kuɗi ne, sai na jira lokacin rangwamen ƙarshen shekara. Samfurin da suka yi shi ne MiG-21bis, ya fito a 2014. Sauke shi ba wuya, wuyar tana wajen saita shi. Duk maɓallin da ke cikin ɗakin matuƙi yana aiki, kuma kafin inji ya tashi sai ka bi su a jere. Agogunan duk da kilomita da mita suke lissafi. Agogon da ke nuna karkatar jirgi ma irin na Rasha ne, hoton jirgin ne ke karkata, ba layin sararin ba kamar na Turawan Yamma, kwana uku ina juyawa hagu in ina nufin dama. Tayar gaba ba ta da sitiyari. Burkin da iska yake aiki, sai ka matse shi kana taka feda ta ɓangaren da kake son juyawa, ni kuma ba ni da fedodi, sai na ɗora aikin a kan murɗa sandar. Na shiga ciyawa ya fi sau goma kafin in kai titin tashi.

Amma ni ba tuƙin ne ya kawo ni ba. So nake in ga jirgin da rigar da Baba ya san shi da ita. Nan aikin ya fara. Masu jirgin sun bayar da zanen jikinsa a shimfiɗe, kamar fatar ragon layya da aka feɗe aka shanya: ga fiffike can, ga wutsiya nan, ga ciki a wani lungu, wasu sassan ma a kife. A kan wannan za ka yi fentin. Na yi amfani da GIMP tunda kyauta ce kuma tana iya ajiye hoto a tsarin DDS da manhajar ke karantawa. In ka gama sai ka buɗe jaka a ƙarƙashin Liveries, cikin jakar jirgin, ka zuba hotunan tare da wani ɗan fayil mai suna description.lua, wanda shi ne ke gaya wa manhajar wane hoto ne na wane sashe.

Tambarin ba wuya: da'ira kore, fari, kore. Launin jiki ne matsala, tunda hotonmu ba kala. Sai na ce da ƙanwata ta tambayi Baba. Washegari ta turo saƙon murya tana mamaki, ta ce ya yi shiru can sai ya ce kore ne da ruwan ƙasa a sama, ciki kuma shuɗi-shuɗi mai haske, sannan ya tambaye ta me Babana zai yi da wannan? Ta ce rabon da ya yi tambaya a kan wani abu har ta manta. Na sa ta ɗauko hoton daga bango ta ɗauki lambar da ke jikin jirgin da kyau, na rubuta ta. Gwajin farko lambar ta fito a juye a ɓangaren dama kamar an duba ta a madubi. Na gyara. Gwaji na biyu rigar gaba ɗaya ta ɓace daga jerin. Dare biyu na yi a kan wannan. Ashe ɗan fayil ɗin da na kwafo daga fentin wani yana da layi a ƙasa da ya ware rigar ga wata ƙasa kaɗai. Na goge layin, ta dawo. A makon ne ya kamata in miƙa babi na huɗu, na rubuta wa malamina cewa ina neman ƙarin kwana goma, ban faɗi dalili ba, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Ranar wata Asabar bayan la'asar ɗinsu na kira ta bidiyo, na juya wayar ta kalli allo. Na ce, "Baba, ka gane wannan?" Ƙanwata ta matsar masa da wayar, ya gyara tabarau da hannun da ke aiki. Ya daɗe yana kallo. Abin da ya fara cewa shi ne, "Wannan ba namu ba ne. Doronsa ya yi kauri." Dariya ta kama ni har da hawaye, don gaskiyarsa ne: wanda ya fi sani samfurin MF ne, shi kuwa bis an faɗaɗa masa baya don ya ɗauki ƙarin mai, injinsa ma daban ne. Shekara talatin bai sa shi a ido ba, amma kallo ɗaya ya kama. Sai ya ce koren ya yi duhu, rana takan cinye shi. Ya ce in zagaya da shi ta baya ya ga gidan laimar burki. Ya tambaya ko radar tana aiki, na ce tana yi amma bayan wani lokaci sai ta mutu. Ya ce, "Sifirit ɗinta ne ya ƙare. Da shi take sanyaya, mu muke zubawa." Harshen yana nauyi, wasu kalmomin sai ƙanwata ta maimaita mini, amma bai tsaya ba. Hajiya ta baro kicin ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

Sai ya faɗi abin da ban taɓa sani ba. Duk shekarun nan da ya yi yana shirya jirgin, yana duba shi, yana ɗaure wa matuƙi bel, yana cire tsani, bai taɓa tashi a cikinsa ba ko sau ɗaya. Aikinsa ya tsaya a ƙasa ya kalle shi ya tafi, sannan ya yi ta duban agogo, don jirgin ba ya daɗewa a sama mai ya ƙare, har sai ya ga ya dawo. Na ce, "To Baba, yau sai ka hau." Na jingina wayar a kan littattafai ta fuskanci allo, na tayar da inji, na hau titi a filin Batumi, na tura wuta har ƙarshe. Muka ɗaga, teku ta bayyana a gefe. Ya ce wane kogi ne wannan, ai Binuwai bai kai haka ba? Na ce Baba, Jojiya ce, taswirar ba ta da Makurɗi. Bai ce komai ba har na yi kwana biyu a sama. Can na ji ya ce a hankali, "Ashe haka suke gani."

Saukar ce ta ba ni kunya. Jirgin nan da gudun da ya haura kilomita 300 a awa yake tunkarar titi, ni kuma hannuna rawa yake. Na buga shi da ƙasa, ƙafa ɗaya ta karye, muka yi ta jan ciki har cikin ciyawa. Shiru. Sai ga Baba yana dariya, irin ta gefen baki ɗaya da ta rage masa. Ya ce, "Babana, da a Makurɗi ne, ka jawo mana kwana uku ba barci." Da muka kashe waya na duba, minti arba'in da bakwai muka yi.

Babi na huɗu ya tafi, a makare, kuma malamina ya mayar da shi da jan biro kamar yadda ya saba. Na yi wa maman yara alƙawari ba na taɓa sandar nan sai Asabar. Baba ya ba ni aiki: in rage duhun koren, in sa dattin mai a ƙarƙashin ciki, don a cewarsa jirgin da ke aiki ba ya tsafta haka. Ya kuma ce kada in sake kiransa ya hau sai na koyi sauka. Ina nan ina koyo. Wanda mahaifinsa ke raye kuma akwai wani tsohon hoto a bango, ina ba shi shawara ya tambaya tun yau.

A taya mu da addu'a Allah Ya ƙara masa lafiya, ni kuma Ya sa in gama in je in same shi. Sai wasiƙa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.