Daren da ruwa ya fasa mini ɗaki a Teksas

1/ Jiya da daddare muna zaune bakin wuta a ƙofar gida nan Dosara, ƙanena ya naɗe da bargo har ka, yana ta mita wai hunturun bana ya fi ƙarfin mutum. Na yi dariya. Ya ce, "Yaya, mi ab abin dariya?" Na ce bari in rubuta kowa ya karanta. Zaren da tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Bari in fara da gaskiyar da na daɗe ina ɓoyewa. Shekarun da na yi a Amurka ba a gida na zauna ba. A tirela nake kwana, irin mai gado da kicin da banɗaki a ciki, wadda ake ja da mota. Su RV suke ce mata. Hotunan da kuka gani a Instagram, ƙofar gidan mutane ne 😅

3/ Su masu ita don yawon shaƙatawa suke saye, a fita daji hutun mako a dawo. Ni kuwa haya ce ta kore ni. Na samu tsohuwa da araha, na ajiye ta a wani fili a bayan garin Dalas, jihar Teksas, inda ake biya duk wata a jona maka lantarki da ruwa.

4/ Dalilin wannan matsi ɗaya ne: rijiya. Dam ɗin Bakolori da aka gama tun 1978 yana nan yankinmu, amma ni da jarka na tashi, haka ƙannena. Na yi wa Inna alkawarin za a haƙa mata rijiya a tsakar gida. Duk abin da ban ba mai haya ba, asusun rijiya yake shiga.

5/ Sai kun san yadda ruwa ke tafiya a tirela kafin ku gane abin da ya same ni. Tanki uku ne a ƙarƙashinta: na ruwa mai kyau, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na masai. Akwai ɗan injin tura ruwa mai aiki da batir, da hita mai cin galan 6, kusan lita 23.

6/ Daga famfon fili kuma tiyo ne ke shigo da ruwa, a shimfiɗe a ƙasa, a waje. Bututan ciki siraran roba ne, suna bin bango da ƙasan daɓe. Bangon kuwa bai kai faɗin tafin hannu ba. Ƙarƙashin tirela a buɗe yake, iska na wucewa yadda ta ga dama. Ku riƙe wannan.

7/ Fabrairun 2021 aka fara sanarwa: sanyi mai tsanani na tafe. Na ga maƙwabcina, wani dattijo da ya yi shekaru yana tuƙin babbar mota a jihohin arewa, yana kewaye ƙasan tirelarsa da farin allon nan mai kumfa irin na cikin kula. Ya ce in yi nawa. Na ce to, na gode.

8/ A zuciyata kuwa cewa na yi, Teksas ɗin? Garin da zafinsa ke tuna mini da Mafara a watan Afrilu? Ni da na sha wankan asuba a muku-mukun Janairu? Na lissafa kuɗin allo da tiyo mai hita, na ga sun kai kuɗin buhunan siminti. Na ce rijiya ta fi. Rowa ce na sa mata rigar tattali.

9/ Abin da ban sani ba: sanyinmu da nasu ba ƙabila ɗaya ba ne. Hunturu yana fasa leɓe da diddige, yana sa ruwan randa ya yi kamar zai cire haƙori, amma ruwan yana nan ruwa. Can kuwa da awo ya sauka ƙasa da sifili, ruwa ya tashi daga abin sha ya koma dutse.

10/ Kuma dutse mai kumbura. Wanda ya taɓa mance kwalbar lemo a firiza ya san zancen. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. In yana cikin rufaffen abu kuma babu inda zai je, sai ya nemi hanya da ƙarfi. Ko ƙarfe ne sai ya tsage.

11/ Daren Lahadi 14 ga wata dusar ƙanƙara ta sauka. Na leƙa taga ina ɗaukar bidiyo, ina jin daɗi kamar ɗan ƙauye ya ga jirgi. Can cikin dare, wayewar Litinin 15 ga wata, wuta ta ɗauke. Na ce, a'a, har nan ma? Na ja bargo, na ce yanzu za su dawo da ita.

12/ Ba su dawo da ita ba. Gidaje sama da miliyan 4 ne suka rasa lantarki a jihar. Da asuba na buɗe famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Na ɗauki buta, ruwan ciki ya zama curi guda. Na fita, tiyon waje ya sandare kamar sandar makiyayi. Taimama na yi a ranar.

13/ Tirela tana da murhun ɗumama ɗaki mai amfani da gas, amma fankar da ke hura ɗumin da batir take aiki. Babu lantarki, babu caji. Kafin magariba batir ya mutu. Ga gas cike da tukunya, ga ni ina rawar ɗari. Ranar Talata 16 ga wata awo ya kai digiri 19 ƙasa da sifili a yankin Dalas.

14/ A nan na kusa yin wautar da ta fi ta farko. Ina da ɗan kaskon gashi da gawayi. Na ce ai haka muke yi a gida, a shigo da garwashi ɗaki a rufe ƙofa. Ina cikin hurawa a bakin ƙofa dattijon nan ya hango ni. Wallahi ban taɓa ganin tsoho ya yi sauri haka a kan ƙanƙara ba.

15/ Ya ce in na shiga da shi, da safe gawata za su fitar. Gawayi da janareta da mota in suna ci a rufaffen wuri suna fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Ciwon kai, jiri, barci, shi ke nan. Mutane da dama ta kashe a Teksas a wannan makon.

16/ Wannan ya shafe mu nan gida kai tsaye. Duk hunturu ana kwana da kasko a ɗaki, musamman ɗakin mai jego da na tsofaffi. Don Allah a bar kafar iska, kuma a fitar da garwashi kafin a yi barci. In ba ku ɗauki komai a zaren nan ba, ku ɗauki wannan.

17/ Kwana uku na yi a tirelar dattijon. Shi janaretansa na waje, nesa da taga. Ruwansa na zuwa lafiya lau. Ina zaune ina shan shayinsa ina jin kunya, shi kuwa bai taɓa ce mini "ai na gaya maka" ba. Sai dai ya riƙa nuna mini abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya.

18/ Na farko, tun kafin sanyi ya iso ya cika tankinsa, ya cire tiyon waje, ya zazzage ruwan ciki ya ajiye shi a ɗaki. Ya ce tiyo ne ke fara daskarewa, don siriri ne kuma yana fili. Ruwa mai yawa a tanki yana daɗewa bai daskare ba, na cikin siririn bututu kuwa nan da nan.

19/ Na biyu, allon da na raina. Yana tare iskar da ke bi ta ƙarƙashi, ɗumin ɗaki ya zauna wajen tankuna. Na uku, duk ƙofofin kabad na ƙasan wurin wanke-wanke a buɗe suke, don ɗumi ya kai ga bututan da ke jikin bango. Wannan ko sisi ba ya ci.

20/ Na huɗu, bawul ɗin tankunan ƙazanta a rufe suke, sai sun taru ya buɗe ya juye gaba ɗaya. In ka bar su a buɗe, ɗan ruwan da ke tsiyaya yana daskarewa kaɗan-kaɗan a bututun fita har ya toshe. Ku yi tunanin masai ya toshe da ƙanƙara. Kada ma ku yi 😭

21/ Sai ya faɗi maganar da ta zauna mini. Ya ce duk waɗannan na mai wuta ne. In ka ga ba za ka iya ɗumama ruwa ba, to ka fitar da shi. Bututun da babu komai ciki ba ya fashewa. Da na yi haka daren da wuta ta ɗauke, aikin rabin awa ne.

22/ Yadda ake yi: ka kashe hita, ta huce, ka buɗe ta ka juye. Ka buɗe magudanan da ke can ƙasan tirela, ka buɗe kowane famfo. In da injin iska irin na bulkaniza, ka hura sauran ruwan a hankali, kada ƙarfin ya wuce 40 a agogonsa, don kar kai ma ka fasa.

23/ Sannan a zuba ruwan hana daskarewa, mai ruwan hoda, wanda aka yi musamman don bututan ruwan sha. A nan a kula: ba irin na lagireton mota ba. Na lagireto guba ne, yana lalata ƙoda, yana kisa. Kuma ko mai ruwan hodan sai an ɗauraye bututu sosai kafin a sake sha.

24/ Ƙarshen mako rana ta fito, ƙanƙara ta fara narkewa. Na koma tirelata, na ga komai lafiya, har na yi hamdala. Na jona tiyo, na buɗe famfon fili. Jama'a, ruwa ta ƙarƙashin gado, ruwa ta bayan masai, ruwa ta cikin bango. Ɓarna tun ranar Litinin aka yi ta, narkewa ce ta tona.

25/ Bututan roba sun ɗan jure, don suna miƙewa. Mahaɗansu ne suka tsattsage, da injin tura ruwa, da bawul ɗin masai. Tankin hita ya tsage ta gefe. Daɓen katako ya sha ruwa ya kumbura. Abin da na kashe a gyara ya ninka kuɗin allon da na ƙi saye sau da yawa. Daga ina? Asusun rijiya.

26/ Ban isa in yi kuka da yawa ba. Hukumar lafiya ta jihar ta ce mutum 246 ne suka rasu sanadin wannan sanyin. Ni dukiya ce ta tafi. Amma kiran Inna ya fi mini gyaran nauyi, don dole in gaya mata abu biyu: rijiya ba bana ba, kuma ɗanta a cikin mota yake kwana.

27/ Na gama bayani, ta yi shiru. Can ta ce, "To kai lahiyarka lau?" Na ce lau, Inna. Ta ce, "Shi wanga tsoho da ya riƙe ka, ka gode mai?" Na ce na gode. Ta ce, "Ka ƙara. Rijiya ta jira, mun saba da jarka." Batun mota ko tada shi ba ta yi ba.

28/ Sanyin da ya biyo baya, ni na fara kewaye tirelata da allo tun watan Nuwamba. Har na taya dattijon ɗaura nasa, don gwiwa ta fara ba shi matsala. Duk daren da aka ce awo zai sauka, jarka biyu cike da ruwa a ɗaki, tiyo a cire, buta kusa da gado.

29/ Ku masu shirin tafiya ƙasashen sanyi, karatu ko ci-rani: tun ranar farko ku tambayi inda ake rufe ruwan gidan da kuka sauka. Ku tambayi na kusa da ku me ake yi kafin sanyi. Wanda ya riga ka kwana, dole ya riga ka tashi. Ni na ji, na ce to, ban yi ba.

30/ Rijiyar an haƙa ta, da jinkirin shekara guda. Da safen nan daga ita na ja ruwan alwala, ruwan rijiya ma da ɗan ɗuminsa a hunturu. Ƙanena na nan naɗe da bargo, ya ce shi dai har yanzu sanyin Dosara ya fi. Na bar shi. Kaskon garwashi dai na fitar masa da shi daga ɗaki.