Mu San Ƙasarmu: Tabkin Madarunfa

Wanga wata za mu kai ku Madarunfa. In mutum ya fito daga Maraɗi ya nufi kudu, tafiyar wajen kilomita 25 za ta kai shi. Garin yana bakin tabki, gulbin Maraɗi kuma yana wucewa kusa da shi. Da damina ruwa nan ruwa can, sai ka ce tsibiri.

Daga ina ruwan yake zuwa? Gulbin Gabi ne babban mai shayar da tabkin. Daga Nijeriya yake fitowa, ya ratso ƙasar Gabi, ya zuba a ciki. In ruwa ya yi kyau tabkin yakan kai wajen hekta 800, da bazara kuwa sai ya janye, manoma su bi sawunsa da shukar rani. Shi ma gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya sake komawa Nijeriya. Ba ruwan wasa ba ne. A 1945 ya ci tsohon birnin Maraɗi, dole mutane suka hau tudu. Amma tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, ba ya sauka yadda tsofaffi suka san shi.

Abin da ya fi fid da sunan wurin shi ne kaburburan waliyyai 99 da aka ce suna kewaye da tabkin. Masu ziyara suna zuwa daga Nijar da Nijeriya, su yi addu'a, su ba da sadaka. Mutanen gari suna cewa akan ga haske a kan wasu kaburburan da dare. A 2006 gwamnati ta miƙa sunan tabkin da kaburburan da gandun dajin Madarunfa ga hukumar UNESCO. A 2019 kuma aka sa tabkin cikin wuraren ruwa da yarjejeniyar Ramsar take karewa.

To, takarda ba ta tare yashi. Kowace damina gulbi yana kwaso yashi da laka daga gonakin da aka sare wa itatuwa, ya jibge su a gindin tabkin. Ruwa ya rage zurfi, rana ta shanye shi da wuri. Ga kuma masu kamun kifi da taru mai ƙananan idanu, wanda ba ya barin ko ɗan karfasa. Wanda ya kama ɗan kifi bana, ina zai sami uwar baɗi? Kuma ba masunta kaɗai ke ci daga nan ba. Akwai matan da ke soya karfasa da tarwaɗa suna kai wa kasuwar Maraɗi, da masu garka, da makiyayan da ke shayar da dabbobinsu.

Mai son ganin tabkin a cike, ya zo bayan damina, lokacin kaka. Da sanyi kuwa tsuntsaye baƙi daga ƙasashen Turai suke sauka a bakin ruwan.