Gidan da Aka Tsallake

Mu da muka tsufa a Sabon Tasha mun ga rawani ya sauya kai ba sau ɗaya ba. Yara kan zaci rigimar gadon sarauta takan mutu ranar naɗi. Ina! Gidan da aka tsallake ba ya mantuwa.

Dubi Zazzau. Tun bayan jihadi gidaje huɗu ke riƙe da sarautar: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. A 1920 Turawa suka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi na gidan Mallawa, suka kai shi Lakwaja, can ya rasu. Mallawa ba su ƙara hawa gadon ba sai bayan rasuwar Shehu Idris a 2020, da Gwamna El-Rufa'i ya naɗa Ahmad Nuhu Bamalli. Shekara ɗari cif. Masu guɗar ranar ba su san Ɗan Sidi ido da ido ba, amma sun gaji zafin tuɓe shi kamar yadda ake gadon gona. Iyan Zazzau Bashir Aminu, ɗan Sarki Aminu, bai yarda ba, ya tafi kotu, Allah ya karɓi abinsa shari'ar ba ta ƙare ba.

Duk da haka ina gode wa Allah da kotu aka nufa. A tsohuwar Faransa, da Sarki Kulobis ya mutu a 511, 'ya'yansa huɗu suka raba ƙasar. Ɗayansu ya faɗi a fagen yaƙi a 524, ya bar marayu uku. Baffanninsu suka aika wa kakar yaran almakashi da takobi, ta zaɓa, domin a wurinsu dogon gashi ne alamar jinin sarauta, wanda aka aske ya fita layi. Aka kashe biyu. Na ukun ya tsira, ya ƙare rayuwarsa a gidan ibada.

Jinin da ya zuba kusa da mu kuwa, ba 'ya'yan sarki suka jawo shi ba. A watan Mayun 1999 aka zo ba sabon Sarkin Jama'a sanda a Kafancan, 'yan ƙasa suka ce su aka daɗe ana tsallakewa, sun gaji da zama ƙarƙashin masarautar. Aka yi asarar rayuka, aka ƙona gidaje. Daga baya gwamnatin Makarfi ta ƙirƙiro sababbin masarautu, har da ta Fantswam. Abin da ke ci mini rai har gobe, talakawan da aka binne a wancan mako ba wanda sunansa ya taɓa shiga takardar masu zaɓen sarki.