Ƙafar Hagu da Kuloci

Mu uku ne cikin malamai muka roƙi Baba Direba ya koya mana tuƙi da tsohuwar a-kori-kurar makaranta, Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna. Mun zaci sitiyari ne zai ba mu wuya. Ashe ƙafar hagu ce. Da mun saki kuloci sai motar ta zabura kamar jakin da aka tsikara, ta mutu, 'yan aji ɗaya suna leƙe ta taga suna dariya.

Rannan Baba ya kawo wani tsohon faifan kuloci ya nuna mana. Faifan nan yana tsakanin inji da giya, sifirin mai ƙarfi ya matse shi. In ka taka kuloci ka ɗauke matsin, inji ya rabu da giya, sai ka canja lamba babu ƙara. In ka sassauta ƙafa, matsin yana komowa kaɗan-kaɗan. Akwai wani ɗan wuri a tsakiya inda faifan ke fara kamawa, muryar inji ta sauka, gaban mota ya ɗan motsa. "Malam, nan za ka dakata," in ji Baba, "ka ba ta totur kaɗan, sa'an nan ka saki sauran." Taka shi da sauri har ƙasa, saki shi da haƙuri. Lamba ɗaya ce ta fi son haƙurin. Daga uku zuwa huɗu ba ta da fitina sosai.

Amma da muka gane wurin nan sai muka maishe shi wurin zama. Ran da Baba ba shi da lafiya, mu muka tafi ɗauko buhunan masarar ɗalibai. A hawan da ke bayan kasuwa wata tirela ta tare hanya, muka riƙe motar da rabin kuloci maimakon mu ja birkin hannu. Faifan yana ta zamewa yana zafi. Ba a jima ba wari ya tashi kamar ana ƙona fata, inji na kuka, mota ba ta gaba. Duwatsu muka sa wa tayoyi don kada ta koma baya.

Daren nan ɗalibai ba su ci tuwo ba sai bayan ƙarfe tara. Kuɗin sabon faifai da ladan makanike kuwa, mu ukun muka raba daga albashinmu. Baba bai yi mana faɗa ba. Ya dai rataye ƙonannen faifan a ƙusa cikin gareji, daidai inda muke ɗaukar makulli.