Gidan Da Ake Kwana Ana Gadin Numfashi

Wanda ya bar birnin San Francisco na ƙasar Amurka da la'asar sakaliya, ya kama babbar hanyar nan mai lamba 101 ya yi kudu, bayan kamar mil 25 zai iske wani gari ana ce da shi Redwood City. Ta gabas ruwan teku ya kutso cikin ƙasa, ta yamma kuwa tsaunuka sun tare hazon da ke tasowa daga tekun Fasifik. Garin ya samo sunansa ne daga wasu itatuwa masu jan katako, waɗanda tsawon wasunsu ya haura ƙafa 300. A wajen shekarar 1850 a nan ake loda katakonsu cikin jiragen ruwa. Mutanen garin suna ji da iskarsu ƙwarai, har sun kafa allo bisa titi suna cewa gwamnati ta auna, ta tabbatar babu yanayin da ya kai nasu. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi.

A kan titin Broadway akwai wasu benaye masu tagogin gilashi. Nan Jami'ar Stanford ta mayar da asibitinta na binciken barci a cikin shekarar 2009. Da magariba, lokacin da sauran ma'aikata ke fita neman gida, sai ka ga waɗansu mutane suna shigowa ɗai-ɗai, kowa da 'yar jakarsa, wani har da matashin kansa a hammata. Sun zo kwana ne, kuma an gargaɗe su tun da wuri: ban da kofi bayan azahar, ban da barcin rana, a wanke kai kada a shafa mai.

Galibinsu ba su suka ga ciwon ba, iyalinsu ne suka gani. Mace takan kwana tana sauraron minsharin maigidanta, sai can ta ji tsit. Ta jira, ta jira, har ta kai hannu ta taɓa ƙirjinsa, sa'an nan ya fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe in ta faɗa masa sai ya musanta, domin shi bai san an yi ba. Abin da ya sani kawai shi ne yana tashi da ciwon kai, yana gyangyaɗi a wurin aiki, kuma ran nan saura ƙiris motarsa ta bar hanya.

Ɗakin da ake sauke mutum ya fi kama da na masaukin baƙi: gado, fitila, makewayi. Sai ma'aikacin dare ya shigo da abin awo irin na tela, ya auna kan mutum gaba da baya, ya sa alamu da fensir, ya shiga liƙa wayoyi da wani farin danƙo. Wasu a fatar kai don karanta motsin ƙwaƙwalwa, wasu a gefen idanu, wasu a haɓa, wasu a ƙirji saboda bugun zuciya, wasu a ƙwauri. A ɗaura ɗamara guda a ƙirji, guda a ciki, a sa siririn bututu a bakin hanci, a maƙala wani abu mai jan haske a yatsa wanda ke auna iskar oksijin da ke cikin jini. Kafin a gama an doshi awa guda, wayoyin sun haura 20, an tufke su ta ƙeya kamar kitson da ba a ƙarasa ba. Babu allura, babu zafi. Abin da ke damun mutum shi ne kunya, da tambayar da kowa ke yi: a haka za a ce in yi barci?

Ma'aikacin ya koma ɗakinsa ya yi magana ta lasifika. Duba hagu. Duba dama. Ƙifta ido. Cije haƙora. Riƙe numfashi. Motsa yatsun ƙafa. Yi minsharin ƙarya. Da ya ga kowace waya tana amsawa, sai ya kashe fitila. Mutum ya yi ta juyi, ya san akwai kyamara mai gani cikin duhu tana kallonsa. Amma barci ɓarawo ne, ba ya sallama.

Aikin nan yana da asali. A cikin 1953, a Jami'ar Chicago, Nathaniel Kleitman da ɗalibinsa Eugene Aserinsky suka bayyana cewa akwai lokacin da idanun mai barci ke kai da kawowa da sauri a ƙarƙashin fatarsu, kuma wanda aka tasa a lokacin yakan ce mafarki yake yi. Wani ɗalibin Kleitman, William Dement, ya bi sawu ya nuna cewa barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan kowane minti 90. A matakin mafarki ƙwaƙwalwa tana sake gaɓoɓi sarai don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. In ya farka kafin gaɓoɓin su dawo masa, shi ne abin da Hausawa ke kira dannau. Dement ya koma Stanford, ya buɗe asibitin cututtukan barci a 1970, wanda ake lissafa shi na farkon irinsa a duniya. A 1972 wani likita Bafaranshe, Christian Guilleminault, ya zo ya same shi, kuma shi ne ya dage a riƙa auna numfashi da zuciya tare da ƙwaƙwalwa. Kafin zamaninsu, likita yakan duba majinyaci ne yana farke, in ya yi barci a ce Alhamdulillahi ya sami sauƙi. Guilleminault ya rasu a 2019, Dement a 2020.

Can wajen ƙarfe ɗaya na dare, abin da matar nan ta daɗe tana faɗi ya bayyana a allon kwamfuta. Naman maƙogwaro ya saki, harshe da hakin wuya sun faɗa baya sun toshe hanya. Layin hanci ya miƙe ɗoɗar, babu iska, amma ɗamarun ƙirji da ciki suna ta kokawa. Sakan 10, sakan 20, wani lokaci ya wuce minti. Lambar yatsa ta fara gangarowa daga 96 zuwa 88, zuwa 80. Ƙwaƙwalwa ta firgita, ta tashi mutum na 'yan sakan kaɗan, ya yi gurnani ya shaƙa, ya koma. Ma'aikacin ba ya ruga a guje, ƙidaya yake yi. Ɗaukewar da ta kai sakan 10 ita ake rubutawa. Ƙasa da sau 5 a awa ba laifi, daga 15 abin ya yi tsakatsaki, 30 zuwa sama ya yi tsanani. Akwai masu haura 60, watau ba su samun minti guda cikakke suna numfashi lafiya. Shekara da shekaru a haka, ga hawan jini, ga ciwon zuciya, ga shanyewar ɓarin jiki suna jira a bakin ƙofa.

In abin ya tsananta tun farkon dare, akan shigo a sa wa mutum takunkumi a hanci, haɗe da wani ɗan inji mai hura iska a hankali don ta tokare maƙogwaro. Likitan nan na Ostireliya, Colin Sullivan, shi ya bayyana wannan dabara a 1981. Ana ƙara ƙarfin iskar kaɗan-kaɗan daga ɗakin ma'aikata har layin hanci ya daidaita. Wasu sukan fizge takunkumin cikin barci. Wasu kuwa a daren nan suke samun barci mai nauyi da mafarkin da suka daɗe ba su yi ba.

Ba masu minshari kaɗai ke kwana a nan ba. Akwai masu ciwon da barci ke kayar da su da rana tsaka, wasu ma dariya kawai ke sa gwiwoyinsu su sake. Waɗannan sukan wuni washegari, ana kwantar da su kowace awa biyu a ga saurin da barci ke ɗaukarsu. Stanford ta yi shekaru tana kiwon karnuka masu wannan ciwo, waɗanda murnar ganin abinci ke zubar da su ƙasa, kuma a jikinsu ne Emmanuel Mignot da abokan aikinsa suka gano ƙwayar gadon da ke jawo wa karnukan shi a 1999.

Wajen ƙarfe shida na safe ake kunna fitila. A ɓamɓare wayoyi, a miƙa wa mutum takarda ya rubuta minti nawa yake jin ya yi kafin barci ya ɗauke shi, sau nawa ya farka. Wani ya rantse bai runtsa ba, alhali na'ura ta rubuta masa awa biyar. A zamanin da ake yi da alƙalami da takarda, daren mutum guda yakan cinye takarda mai tsawon kusan mita 300. Yanzu kwamfuta ke ajiyewa, amma har yau ana yanka daren ne sakan 30-30, shafi wajen 960, kuma sai ma'aikaci ya bi su kafin likita ya yi magana, bayan mako guda ko biyu.

Mutumin ya fito da jakarsa, danƙo bai gama fita daga gashinsa ba. Hanyar 101 ta riga ta cika da motocin masu sammakon aiki, shi ma ya ba da hannu ya shiga cikinsu.