Katakon balsa a Faransa, karan dawa a Magarya

A nan Faransa akwai dattawan da ke shafe shekaru suna ƙera ɗan jirgin ruwa da bai wuce kamu biyu ba. Suna da ƙungiyoyi da mujallu, kuma gidan tarihin jiragen ruwa na Paris, wanda aka sake buɗewa a 2023 bayan dogon gyara, cike yake da irin wannan aiki. Ni dai katakon ne ya fi ɗaukar hankalina.

Mai koyo kanti yake zuwa ya sayi balsa, an riga an yanka shi falle-falle, kaurin milimita 1 ko 2. Itace ne marar nauyi ƙwarai, reza ma tana yanka shi. Mafi yawansa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, inda ake sare bishiyar tun tana 'yar shekaru kaɗan, a busar da ita a gidan wuta saboda yawan ruwan jikinta. Wajen 2020 kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabo, domin masu ƙera fukafukan injin lantarki na iska a Sin sun yi masa rubdugu. Gwanaye kuwa sun fi son itace mai tsauri, irin na fiyar Turai. Su bar gungumen ya yi shekaru a inuwa, su tsaga da ƙaramin zarto, su jiƙa tsinken a ruwan zafi, sannan su lanƙwasa shi a kan ƙarfe mai ɗumi har ya bi cikin jirgin.

A wajenmu, daga Magarya zuwa Bande da Waca, har Dungas da Dogo-Dogo, yaro ba ya zuwa kanti, kuma ba jirgi yake ƙerawa ba. Abin da idonsa ke gani yake yi: babbar motar da ke ɗauko kaya daga Najeriya, ko amalanke. Kayan aikinsa na gona, sai kaka ta yi an girbe dawa. Ya san ɗanyen kara yana motsewa idan ya bushe, motar ta saki. Wanda ya kwana biyu a ƙasa kuma gara ta riga shi. Sai ya nemi wanda iskar hunturu ta busar a tsaye, miƙaƙƙe, mai dogayen gaɓoɓi. Da haƙori ko tsohuwar reza yake feƙe ɓawon siri-siri, kuma duk wanda ya tashi a karkara ya san kaifin ɓawon nan a yatsa. Totuwar ciki ita ce ginshiƙi, ɓawon shi ne ƙusa, shi ne kuma bango. Ba manne, ba guduma. Inda ake son ƙarfi a soka ƙayar aduwa, taya kuma a fafe ta daga sakaina ko tsohon silifa.

Bafaranshe ya fi mu ma'auni da haƙuri, wannan ba gardama. Amma da yawansu ba su taɓa ganin bishiyar balsa ba, alhali yaron Dungas shi ya yi noman karansa, ya zaɓa, ya gyara, ya haɗa, ba tare da zane a takarda ba. A ganina wannan ilimi ne cikakke, kuma yana ci mini rai yadda muke kiransa wasan banza. Ƙananan jiragen da fursunonin yaƙi Faransawa suka sassaƙa da ƙashin nama a kurkukun Ingila zamanin Napoleon, yau suna cikin gilashi ana biya a kalla. Su ma abin da ke hannunsu suka ɗauka.

Ga shi karan ma ya yi daraja. Jama'a ta yi yawa a kudancin Damagaram, gonaki sun matse, ana kwashe kara tun da wuri don dabbobi da darni da girki, har a kai shi kasuwa dami-dami. Manoman da suka raya gawo a gonakinsu har duniya ta san Magarya da Matamai da Mirya ba za su rasa dami ɗaya da za su ware wa lakwal ba. Malami ya kira ƙwararren yaro gaban aji ya nuna yadda ake feƙe ɓawo, a auna gaɓoɓi da santimita, motar da ta fi kyau a ɗora ta bisa kanta, nesa da gara.