Ka'ak ɗinmu na bana, kilo biyu

A Kano, cincin da dubulan ne ke nuna Sallah ta matso. A Sudan kuwa ka'ak ne, kuma duk Bahaushiyar da ta zauna a nan ta san idan masu barka da Sallah suka shigo ba ta ajiye musu shi gefen shayi ba, sai an yi da ita a unguwa. Shekarun nan ƙaramar Sallah tana faɗowa cikin bazara, ga azumi, ga zafi, ga murzar fulawa.

Aikin nasa yana wajen man shanu. Narka shi ake yi ya yi zafi sosai, a kwarara kan fulawar da aka zuba wa soyayyen riɗi, a bari ya ɗan huce, a yi ta murzawa da tafin hannu har ta koma kamar jiƙaƙƙen yashi. Sannan a zuba yis da aka jiƙa da madara mai ɗumi. Sukarin cikin kwaɓin kaɗan ne. Zaƙin yana zuwa daga garin sukarin da ake barbaɗawa bayan an gasa, shi ya sa ake yi wa bayansa zane da ɗan matsin ƙarfen da suke kira mungash, don sukarin ya samu wurin zama. Kada a barbaɗa yana da zafi, narkewa zai yi ya yi danƙo.

Lokacin da muke Umdurman ba wadda ke yin nata ita kaɗai. Goman ƙarshe, bayan tarawi, matan layi suna bin gida gida, yau naki gobe na maƙwabciya. Yara su ɗauki farantan a ka zuwa gidan burodi, kowane da alamar gidansu da alli. Inna, uwar maigidana, haifaffiyar Mai Wurno ce, amma sai ta saka dakakken kanumfari a namu. Maƙwabta su yi ta tsokanarta, su kuma cinye.

Yaƙi ya tashi ran 15 ga Afrilun 2023, saura kwana shida Sallah. Buhun fulawar da muka saya a can muka baro shi. Yanzu muna Kasala, ɗaki biyu na haya, kuma Sallah biyu ta wuce ba mu yi ba.

Bana da na tayar da maganar, maigida ya ce, "Kin san kuɗin man shanun nan cefanen kwana nawa ne?" Gaskiyarsa ce, ɗan jarin zoɓorodon da ya rage shi ke riƙe da mu. Ni kuma abin da ke raina, 'yata ta kai shekara goma ba ta iya riƙe mungash ba, alhali sa'anninta a da su ke yin rabin zanen. Inna ce ta raba gardama: kilo biyu kawai, rabi man shanu rabi man gyaɗa, ba dabino a ciki.

Mu biyar muka zauna kan tabarma, har da maigidan, wanda bai taɓa sa hannu a kwaɓi ba. Nasa duk suka fito manya kamar ƙosai. Inna ta ce, "Kai ɗan nan, jarin da kake kuka a kansa ne kake ƙararwa." Ta kama hannun jikarta ta nuna mata yadda ake matsawa ba tare da an huda ba. Na farko guda shida sun fashe, daga nan hannun ya faɗa.

A gidan burodi ɗana ya yi awa biyu a layi. Ya ce yawancin farantan na mutanen Hartum ne da Madani, kuma ba mai faranti fiye da uku.

Bai narke a baki kamar na zallar man shanu ba, wannan kam dole a faɗa. Faranti ɗaya muka kai wa mai gidan da muke haya, sauran Inna ta jera a gwangwanin madara ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce wanda ya taɓa kafin a sauko daga Idi da ita zai yi.